KASUWA TA SHIGA CIKIN WAYA: INA RUMFAR ƘUNGIYARKU?

Kowace shekara idan kaka ta yi, labarin ɗaya ne. Manomi ya sha rana tun daga sharar gona har girbi, sa'an nan ɗan baranda ya zo da mota ya yanka farashin da ya ga dama. Ga kuɗin makarantar yara, ga bashin taki, ga Kirsimati ta matso, sai manomi ya sallama. Dankalin Turawa da ya bar Bokkos, ko cittar da ta bar Kachia, kafin su kai kasuwar Mile 12 a Legas sun bi ta hannuwa da dama, kowane hannu kuwa da ladansa. Ba mu ce dillali ɓarawo ne ba. Abin da ya fi mu da shi guda ne: shi ya san mai saye, mu ba mu san shi ba.

To, yanzu akwai hanyar da mai saye zai san mu. Wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, yau kuwa da wuya a sami ekklesiyar da babu matashi mai babbar waya a cikinta. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya koya wa har tsofaffinmu karɓar kuɗi ta banki. Mai gidan abinci a Abuja da take neman acca mai tsabta, cikin wayarta take fara dubawa. Idan ƙungiyarku ba ta wurin, daidai yake da ranar kasuwa ta yi, ku kuwa kun bar kayanku a rumbu.

LAYIN NA WANE NE?

Kafin a yi maganar hoto ko talla, sai a warware wannan tukuna, gama a nan ne ƙungiyoyi da yawa suke tuntuɓe. Mun ziyarci wata ƙungiyar zumuntar mata masu sayar da zuma da garin waken soya. Ɗan ɗaya daga cikinsu ne ya buɗe musu shafi da layinsa, ciniki kuwa ya fara tafiya. Da yaron ya sami makaranta ya tafi birni, sai ya tafi da wayarsa, da lambobin masu saye duka. Ba mugunta ya yi ba, wayarsa ce. Amma matan sun koma inda suka fara.

Domin haka ƙungiya ta sayi wayarta da layinta daga cikin asusunta. Tun Disamba 2020 gwamnati ta umarta a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN, saboda haka ku zauna ku zaɓi wanda za a yi rajista da sunansa, mutum zaunanne wanda ba ya shirin ƙaura. A rubuta cikin littafin taro cewa layin na ƙungiya ne, shaidu su sa hannu. A riƙa sa masa kati kuma, domin layin da aka daɗe ba a mora ba kamfani yakan karɓe ya ba wani. Lambobin masu saye kuwa, magatakarda ya kwafe su cikin littafi da alƙalami. Waya takan faɗa rijiya, littafi yana akwati.

Haka nan asusun banki. Ƙungiyar da ta yi rajista a ofishin ƙungiyoyin gama kai na jiharta tana iya buɗe asusu da sunanta. Baƙon da ke Ibadan ya fi sakin jiki ya tura kuɗi ga sunan ƙungiya da ya tura ga sunan mutum guda wanda bai taɓa gani ba. Cikin gida ma wannan yana rufe bakin zargi.

KAFA RUMFAR

Shawararmu ita ce a fara da WhatsApp Business, wanda aka fito da shi a 2018 domin ƙananan 'yan kasuwa. Saukar da shi kyauta ne, data kaɗai za a saya. Yana da wurin rubuta sunan ƙungiya, da garinku, da lokacin da ake samunku, da jerin kaya, kowanne da hotonsa da farashinsa. Wanda karatu ya yi masa wuya yana iya aika saƙon murya. Suna ɗaya za ku riƙe a ko'ina, a waya, da jikin buhu, da allon bakin hanya. Kada yau ku zama "Alheri", gobe "Alheri Farmers", jibi wani abu dabam.

Hoto shi ne samfur. A kasuwa mai saye yakan zura hannu cikin buhu, ya tauna ƙwaya, ya shinshina. A waya ba shi da wannan, sai abin da kuka nuna masa. Ku ɗauki hoto da hasken safe, a kan tabarma mai tsabta, a matso kusa har a ga ƙwayar. Idan zai yiwu a ɗora buhun bisa sikeli a ɗauka tare, domin mudun Mangu ba lalle ya zama mudun Kano ba, kilo kuwa kilo ne ko'ina. A faɗi irin, da watan girbi, da yawan buhunan da ke ƙasa, da ko an sa maganin ƙwari. Kada a ɗauko hoton kayan wani daga intanet, kada kuma a yi kyakkyawa a baki, tsakuwa a gindi. Mu da muke karanta Maganar Allah mun san matsayinta a kan ma'auni biyu. Ban da haka, wanda aka cuta a waya ba dillali ɗaya zai gaya wa ba, zai rubuta inda ɗaruruwa za su karanta.

Abin da aka sa a "status" sa'a 24 yake yi ya ɓace, saboda haka a riƙa sabuntawa. Saƙon bai ɗaya, wanda ake aika wa mutane da yawa a lokaci guda, ba ya isa sai ga waɗanda suka ajiye lambarku. Ku roƙi kowane mai saye ya ajiye ta. Masu sayenku na fari ma ba baƙi ba ne: 'ya'yan ekklesiyarku ne da ke aiki a Jos da Kaduna da Abuja, masu marmarin abincin gida. Su za su kai sunanku ofisoshinsu. Amma a yi hankali, kada a mai da zauren addu'a na ekklesiya wurin talla dare da rana.

Bayan wannan sai shafin Facebook, da sa wurinku a taswirar Google, wanda shi ma kyauta ne, sai dai za su bincika su tabbatar wurin na gaske ne. Wannan ya fi amfani ga masu injin niƙa ko shago a bakin titi. Shafin intanet na kanku kuwa, mu dai a ganinmu a dakata. Sunan shafi, kamar masu ƙarewa da .ng, haya ce da ake sabuntawa, ga kuɗin mai ginawa. Mun ga shafuffuka da aka buɗe da biki, farashin da ke kansu na shekara uku da suka wuce ne.

Abin da ya fi dukan waɗannan wuya shi ne amsawa. Wanda ya yi tambaya da safe bai ji kome ba har kwana biyu, ya riga ya saya a wani wuri. Idan sabis ba ya kamawa sai an hau tudu, a sa lokaci, a rubuta a fili: muna amsa saƙo kowace yamma daga ƙarfe biyar, ban da Lahadi.

KURAYEN KASUWAR

Saƙon da ya ce kuɗi ya shiga ba kuɗi ba ne. Akwai masu aika alat na ƙarya, akwai masu turo hoton rasiti da aka ƙera. Kada buhu ya hau mota sai ma'aji ya duba asusun da kansa ya ga kuɗin a ciki, ko da mai sayen ya ce shi fasto ne, yana sauri. Wani kuma zai bugo ya ce an sa ku cikin taron tallafin taki, ku karanto masa lamba shida da ta shigo wayarku. Wannan lambar mabuɗin WhatsApp ɗinku ce. Ranar da kuka ba shi, zai kwace rumfar ya shiga roƙon kuɗi da sunanku. A kunna kariya ta biyu da ke cikin manhajar, shugaba da magatakarda kaɗai su san lambar sirrin.

Sauran magana ita ce ta kai kaya. A daidaita tun farko wanda zai biya kuɗin mota. A tasha a ɗauki hoton buhunan da lambar motar, a aika wa mai saye tare da lambar direba. Masu ƙulla gari ko zuma cikin leda da kwalba domin shagunan birni su tuna za a tambaye su lambar hukumar NAFDAC, gara a fara neman bayani tun yanzu.

A taronku na wata mai zuwa, ku ba matasa wuri su zauna tare da dattawa. Dattawa su tsai da farashi da ma'auni, matasa su riƙe waya, a kuma yanka musu ɗan lada daga kowane buhu da aka sayar ta hannunsu. Ku fara da amfani iri ɗaya wanda ba ya saurin lalacewa, kamar acca ko busasshiyar citta, a bar tumatir sai hannu ya faɗa. Ƙungiyar da ta gwada ta rubuto mana yadda ta kaya, za mu buga a fitowa ta gaba.