Kundin zane: Abin da jami'o'in waje ke dubawa kafin su ɗauki ɗalibi karatun tsara gine-gine

Ɗalibin da ke son karanta ilimin tsara gine-gine a Najeriya ya san hanyar da zai bi: kiredit a WAEC ko NECO, jarrabawar JAMB da ta ƙunshi Turanci da Lissafi da Fiziks da darasi na huɗu, sannan tantancewar jami'a. A yawancin jami'o'in ƙasar ba a cewa mai neman digirin farko ya nuna abin da hannunsa ya taɓa zanawa. Da zarar ya juya akalarsa zuwa Birtaniya ko Amurka kuwa, sai ya ci karo da wani sharaɗi da makarantarsa ta sakandare ba ta shirya shi a kai ba, wato fotfoliyo, kundin da ke tattare da zane-zane da sauran ayyukan hannun mai neman gurbi. A nan ne mai kyakkyawan sakamako kan yi tuntuɓe.

A Birtaniya ana neman gurbi ta shafin UCAS, inda ɗalibi ke da damar zaɓar kwasa-kwasai har biyar. Wa'adin Jami'ar Cambridge shi ne 15 ga Oktoba, na yawancin sauran kuma a watan Janairu yake. Ba ta UCAS ake tura kundin ba. Kowace jami'a ce ke neman nasa bayan ta karɓi takardun ɗalibi, da nata ƙa'idojin na yawan shafuka da girman fayil, kuma wani lokacin kwanaki kaɗan take bayarwa. Akwai ma waɗanda ba sa nema sam. A Amurka, makarantar Cooper Union da ke New York tana ƙara wani gwaji: takan aika wa masu nema tambayoyin da za su amsa da zane a gida cikin 'yan makonni. Ɗaliban Nijar da ke harin makarantar EAMAU ta Lome, a Togo, jarrabawar gasa suke zaunawa.

Me masu tantancewa ke nema?

Abin da aka fi kasa fahimta shi ne, ba a tsammanin ɗan shekara 18 ya zo da taswirar gida. Cambridge ta fito fili tana cewa ba dole ne ayyukan su zama zanen fasalin gini ba, domin wannan shi ne abin da za a koya wa ɗalibin idan ya shigo. Yaron da ya kashe kuɗi ya koyi AutoCAD ya cika kundinsa da gida mai ɗakuna uku da falo irin wanda ke kowace sabuwar unguwa a Abuja, ya nuna ya iya sarrafa manhaja. Bai nuna yadda yake kallon duniya ba, alhali shi ake son gani.

Shi ya sa zanen abin da ke gaban ido yake da nauyi fiye da zanen da aka kwaikwayo daga hoto. Hoto ya riga ya daidaita komai a kan shafi, ya yanke wa mai zane shawarar inda abu zai fara da inda zai ƙare. Wanda ya zauna a zaure da fensiri da takarda kuwa, dole ya auna da idonsa tsawon ƙofa idan aka kwatanta da mutumin da ke shigowa, ya lura da yadda hasken hantsi ke faɗowa a daɓe, ya zaɓi abin da zai sa da abin da zai bari. Malamin da ya shekara yana duba irin waɗannan kundaye yana gane bambancin da kallo ɗaya. Zanen da ya ɗan karkace amma aka yi shi a wurin ya fi hoton fitaccen mawaƙi da aka goge fuskarsa sumul da gawayi, duk da cewa na biyun ne ke tara yabo a Instagram.

A wannan fanni ɗan Kano ko Zariya ko Damagaram yana da jarin da bai cika sanin darajarsa ba. Bakan gizon da ke riƙe da rufin soro, da yadda ake jera azara, da zankwaye, da indararo, da tubalin da ake murzawa da hannu, duk darussa ne na yadda gini ke ɗaukar nauyi da yadda yake kare zafi da ruwa. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 yana cikin littattafan tarihin gine-ginen Afirka. Sai dai zana Gidan Makama daga waje kamar katin yawon buɗe ido ba zai wadatar ba. Abin da ke jan hankali shi ne ɗalibi ya bi abu guda har ƙarshensa: ya zana gidansu da safe da rana da yamma, ya nuna inda mata ke girki da inda inuwa ke komawa, ko ya zana yadda masu rumfuna a kasuwa suka yi dabarar langa-langa da buhu suka tare rana. Wanda ke unguwar da ambaliya ke ci duk damina zai iya bin hanyar ruwan da fensirinsa, daga kwata zuwa inda ta toshe, sannan ya gwada tunanin mafita. Wannan aikin mai tsara gini ne tun kafin a ba shi sunan.

Sai batun nuna matakan aiki. Masu tantancewa na son ganin littafin gwaje-gwaje, da zanen da aka fara aka watsar, da wanda ya biyo bayansa. Ɗalibai da yawa na ɓoye waɗannan don kunya, su tura gamammen aiki kaɗai, kuma ta haka suke cire shaidar cewa sun yi tunani. Yana da kyau kuma a samu wani abu da aka ƙera mai tsawo da faɗi da zurfi, ko da kwali ne, ko yumɓu, ko kara, ko waya. Saƙa da ɗinki da rini da sassaƙa da ɗaukar hoto duk suna shiga.

Haɗa kundin kansa ba shi da wuya. A ɗauki hoton aiki kusa da taga da hasken rana, ba da tocilar waya ba, takardar a shimfiɗe. A fara da aiki mai ƙarfi, a rubuta a ƙarƙashin kowanne sunansa da shekarar da aka yi shi da kayan da aka yi amfani da su, a taƙaice. Aiki goma na kirki sun fi talatin da aka cika da ciko. Idan aikin haɗin gwiwa ne, a faɗi ɓangaren da mutum ya yi. Sayen zane a hannun wani, ko sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta yi a ce aikin hannu ne, ramin da ɗalibi ke haƙa wa kansa ne, domin a hirar tantancewa za a ɗauko shafi a tambaye shi dalilin kowane layi.

Wa wannan tsari ya fi amfana?

Ana yabon fotfoliyo da cewa yana ba wanda makinsa bai kai ƙololuwa ba damar nuna baiwarsa, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma kundi yana buƙatar malamin da zai duba ya gyara, da lokaci, da kayan aiki. Ɗalibin makarantar kuɗi mai ɗakin zane yana fara tara nasa shekara biyu kafin wa'adi. Takwaransa na makarantar gwamnati, inda darasin zane sau da yawa sunansa kawai ke kan jadawali, yakan ji labarin fotfoliyo ne bayan saƙon jami'a ya iso. Ga kuma kuɗin makaranta da aka ƙayyade da fam ko dala, wanda nauyinsa ya ninka a kan iyaye tun da aka saki naira ta nemo wa kanta daraja a watan Yunin 2023. Karatun kuma doguwar tafiya ce: a tsarin Birtaniya da aka saba, shekara uku ta digirin farko, biyu ta mataki na biyu, da aƙalla biyu na koyon aiki a ofis, kafin jarrabawar ƙarshe.

Saboda haka ga mafi yawan matasanmu, hanyar da ta fi yiwuwa ita ce digirin farko a gida, misali a Jami'ar Ahmadu Bello, wadda sashenta na tsara gine-gine shi ne mafi tsufa a Najeriya, sannan a nemi digiri na biyu a waje. A wannan matakin kundin ba shi da makawa, kuma a lokacin ne ake son ganin taswirori da samfuran gini. Wanda ya bar ayyukan ajinsa na farko da na biyu gara ta cinye a ɗakin kwanan ɗalibai zai yi cizon yatsa. A riƙa ɗaukar hotonsu ana adanawa tun ranar da aka gabatar da su.

Ƙofar ba ta rufe ga wanda ya fara da wani fanni ba. Mariam Issoufou ta Nijar kwamfuta ta karanta, ta yi aiki a fannin, kafin ta koma Jami'ar Washington ta yi digiri na biyu a tsara gine-gine. Ita da Yasaman Esmaili ne suka mai da tsohon masallacin Dandaji, a jihar Tawa, ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci a gefensa da tubalin ƙasa. Francis Kéré na Burkina Faso, ɗan Afirka na farko da ya samu lambar Pritzker a 2022, da kafinta ya fara kafin ya shiga jami'a a Berlin. Jami'o'in Amurka da dama na da tsarin digiri na biyu na kusan shekara uku domin masu digiri a wasu fannoni, kuma da kundi suke tantance su.

Wanda ya yi karatun a waje ya dawo Najeriya, ba zai kira kansa akitek a hukumance ba sai hukumar ARCON, wadda aka kafa da doka a 1969, ta yi masa rajista. Yana da kyau ɗalibi ya bincika matsayin takardar jami'ar da yake hari a wurin hukumar tun kafin ya biya kuɗin neman gurbi.