Idan Injin Ƙaramin Jirgi Ya Mutu a Sama: Abin da Ya Kamata Ka Sani

Jirgin faɗowa yake yi nan take?

A'a. Fukafukai ne ke riƙe jirgi a sama, inji kuwa jan sa gaba yake yi. Idan inji ya mutu, jirgin zai ci gaba da lulawa yana saukowa a hankali, kamar shirwa da ta baje fukafukanta. Ɗauki Cessna 172, ƙaramin jirgi mai kujeru huɗu. Daga tsayin mita 1,000 zai iya tafiyar kusan kilomita 9 kafin ya taɓa ƙasa, wato matuƙi na da minti huɗu zuwa biyar.

Me ke kashe injin?

Sau da yawa mai ne. Ko ya ƙare, ko ruwa ya shiga cikinsa, ko kuma tanki ɗaya ya bushe matuƙi bai juya zuwa na biyu ba. Shi ya sa za ka ga matuƙi ya tsuguna ƙarƙashin fiffike kafin tashi, ya tatsi mai a ƴar kwalba, ya ɗaga ta wajen haske. Ruwa ya fi mai nauyi, don haka yana kwanciya a gindin kwalbar. Ƙanƙara ma kan toshe kafireto, inda iska ke gauraya da mai, ko da rana ana zafi, muddin akwai laima a iska.

Me matuƙi zai yi?

Da farko zai ɗan sunkuyar da hancin jirgi don kada gudu ya ragu. Wannan ne mataki mafi wuya, domin zuciya na cewa a ɗaga sama, alhali idan gudu ya yi ƙasa sosai fukafukai sun daina riƙewa ke nan. Sai ya zaɓi wurin sauka, gona ko fili ko bakin kogi, ya fuskanci iska. Daga nan ya gwada tada injin. In ya ƙi, ya kira "Mayday" sau uku ta rediyo a kan mita 121.5, ya faɗi inda yake. Kai fasinja, naka shi ne ka ɗaure bel tamau, ka yi abin da ya ce.

Bayan an sauka fa?

A wurare masu nisa, nan ne wahalar ke farawa. A watan Afrilu 1933 injin jirgin wani matuƙi mai suna Bill Lancaster ya mutu a hamadar Sahara, kudu da Reggane a Aljeriya. Ya rayu kwana takwas a gindin jirgin yana jiran agaji, masu nema suna dubawa a wani wuri daban. Sai a 1962 aka ga gawarsa.

Yau akwai na'urar kiran agaji da ke kunna kanta idan jirgi ya bugi ƙasa, ta aika sigina ta tauraron ɗan'adam. Amma tana iya lalacewa. Don haka ka tambayi matuƙi ko ya sanar da hukuma hanyar da zai bi, kuma ko akwai ruwan sha a jirgin. Wannan tambaya ba rashin kunya ba ce.

A zauna ko a tafi?

A zauna kusa da jirgin, domin ya fi mutum saurin ganuwa daga sama. Ranar 1 ga Mayu 2023 wani Cessna 206 ya faɗi a dajin Amazon na Kolombiya bayan matuƙi ya ba da rahoton matsalar inji. Manya uku suka rasu, yara huɗu suka tsira suka shiga daji. An ga jirgin bayan kimanin mako biyu, amma yaran sai da suka kwana 40 kafin sojoji da mutanen yankin su same su da rai.