Ko Talabijin Na Kan Ganiyarsa A Yau? Lissafin Riba Da Hasara Daga Kujama Zuwa Kafanchan

KUJAMA, Jihar Kaduna. Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kaduna ta ratsa Kujama, hedkwatar ƙaramar hukumar Chikun, ta gangara Kachia har zuwa Kafanchan, zai ga farantan tauraron ɗan adam a bisa rufin gidaje da shaguna, da allunan gidajen kallo masu ɗauke da jerin wasannin ƙwallon ƙafa na mako. Wannan ya sa wasu ke ganin cewa harkar talabijin ba ta taɓa samun bunƙasa irin ta yanzu ba. Amsar wannan batu tana da muhimmanci ga ɗan kasuwar da ke biyan kuɗin talla, da mai sayar da akwatunan talabijin, da mai gidan kallo, da kuma wanda ke tunanin zuba jarinsa a shirya wasannin kwaikwayo.

Muhawarar ta samo asali ne daga Amurka, inda masu sharhi suka laƙaba wa shekarun da suka biyo bayan fitowar shirin The Sopranos a 1999 sunan zamanin zinariya na talabijin. Ƙididdigar da tashar FX ke yi ta nuna cewa wasannin kwaikwayo masu dogon zango da aka nuna a can sun kai kimanin 600 a shekarar 2022, kafin su sauko zuwa 516 a 2023, lokacin da kamfanoni suka fara tsuke bakin aljihu. A Nijeriya kuwa, kafin a yanke hukunci, ya kamata a auna al'amarin ta fuska uku: ta mai kallo, ta mai shirya shiri, da ta gidan talabijin ɗin kansa.

Yadda harkar ta faro

An buɗe gidan talabijin na farko a ƙasar nan, watau WNTV, a Ibadan cikin watan Oktoba na 1959. Gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ta kafa nata a Kaduna a 1962, wanda aka sani da RKTV. A 1975 gidan talabijin na Binuwai da Filato da ke Jos ya soma nuna hotuna masu launi, sannan a 1977 gwamnatin soja ta kafa dokar da ta haɗe gidajen da ke akwai a ƙarƙashin hukuma guda, watau NTA. Daga baya jihohi suka sake samun damar kafa nasu, kamar CTV ta Kano wadda gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta assasa, wadda a yanzu ake kira ARTV.

Wannan zamani ne dattawa da yawa ke tunawa a matsayin lokacin da talabijin ya yi sharafi. A cikinsa ne aka san Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, da Karkuzu daga Jos, da Kuliya Manta Sabo daga Kano, da wasannin marigayi Ƙasimu Yero. Ta fuskar kasuwanci, abin da ya riƙe waɗannan shirye-shirye shi ne kasafin gwamnati da kuma ɗaukar nauyi daga manyan kamfanoni. Alal misali, bankin UBA ne ya ɗauki nauyin Cock Crow at Dawn, wanda NTA ta shirya a Jos daga 1980 domin jawo hankalin jama'a ga noma. Tun da tashoshin ba su da yawa, kuma ba sa aiki dare da rana, talla guda da aka sa kafin labaran ƙarfe tara na dare tana isa ga kusan duk mai akwatin talabijin a ƙasar.

Doka mai lamba 38 ta 1992 ita ce ta kawo ƙarshen wannan babakere, inda ta kafa Hukumar Kula da Kafofin Watsa Labarai ta Ƙasa, NBC, ta kuma ba 'yan kasuwa izinin mallakar tashoshi. Kaduna na cikin sahun farko, domin tashar DITV ta Alhaji Khalifa Baba Ahmed ta fara aiki a 1994. Channels ta biyo baya a 1995, AIT kuma a 1996.

Ta fuskar mai kallo

Idan aka auna da abin da mai kallo ke samu, babu shakka yau ta fi jiya. Kamfanin StarTimes ya shigo kasuwar a 2010 bisa haɗin gwiwa da NTA, a shekarar ne kuma MultiChoice ya buɗe tashar Africa Magic Hausa, kana ya ƙaddamar da GOtv a 2011 domin masu ƙaramin ƙarfi. A 2014 aka buɗe Arewa24, wadda ke watsa shirye-shiryenta da Hausa dare da rana ta tauraron ɗan adam ba tare da biyan kuɗin wata ba. Shirye-shirye irin su Daɗin Kowa, Kwana Casa'in da Labarina sun tara masu kallo daga Nijeriya har Nijar, Gana, Kamaru da Sudan.

Wannan ya shafi kudancin Kaduna kai tsaye. Yankin na da harsuna da dama, da suka haɗa da Gbagyi, Adara, Jju, Tyap da Hyam, amma Hausa ce harshen kasuwa da ke haɗa jama'a, saboda haka shirin Hausa na samun masu kallo a gidajen Musulmi da na Kirista baki ɗaya. Har ila yau, tauraron ɗan adam ya warware wata tsohuwar matsala. Kujama na kusa da Kaduna, eriya na iya kama tashoshin birnin, amma a wajejen Kafanchan da Kagoro nisa da duwatsu kan tare siginar da ke tafiya ta doron ƙasa. Faranti kuwa daga sama yake karɓa, dutse ba ya tare shi. Samuwar faifan sola da talabijin marasa cin wuta da yawa ya ƙara sauƙaƙa kallo a ƙauyukan da lantarki bai wadata ba.

Ta fuskar mai shirya shiri

Masana'antar finafinan Hausa, wadda ta soma da Turmin Danya a Kano a 1990, ta rayu shekaru da dama a kan sayar da kaset, daga baya kuma faifan CD. Satar fasaha da tura finafinai ta wayar hannu sun durƙusar da wannan kasuwa, lamarin da ya tilasta wa masu shiryawa komawa ga wasanni masu dogon zango. A yau hanyoyin samun kuɗinsu uku ne: sayar wa tasha haƙƙin nuna shiri, sanya hajar 'yan kasuwa a cikin labarin, da kuma YouTube, wanda ke ba mai shiri kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar da aka sa a bidiyonsa. Izzar So na Lawan Ahmad ya nuna cewa shiri na iya yin suna ta wannan hanya ta ƙarshe ba tare da ya jira wata tasha ba.

Sai dai kowace hanya na da nata ƙalubale. Kuɗin tallar YouTube ya danganta ne da ƙasar da mai kallo yake, kuma kallo daga Turai ko Amurka ya fi kallo daga gida kawo kuɗi. Manyan kamfanonin waje ma ba abin dogaro ba ne kullum, domin a watan Janairu na 2024 Prime Video na kamfanin Amazon ya dakatar da ba da kwangilar sababbin shirye-shirye a Afirka. Ga kuma batun doka: a 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta dakatar da wasanni 22 na wani lokaci kan batun gabatar da su domin tantancewa.

Ta fuskar gidan talabijin

A nan ne lissafin ya fi tsanani. Yawan tashoshi ya raba masu kallo, kuɗin talla kuma ya kasu tsakanin talabijin, rediyo, Facebook da sauran dandalin intanet. A watan Agusta na 2022 hukumar NBC ta sanar da soke lasisin tashoshin rediyo da talabijin 52 saboda bashin da ya haura naira biliyan 2.6, kafin daga bisani ta jingine matakin. Wannan ya nuna cewa tun kafin tsadar rayuwar baya-bayan nan, tashoshi da yawa ba sa iya biyan ko da kuɗin lasisi.

Daga nan sai aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki farashin naira a watan Yuni, inda dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da naira 1,500 a farkon 2024. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin lantarki na rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit. Na'urar watsa shirye-shirye tana cin wuta ba dare ba rana, yayin da kyamarori, hayar tauraron ɗan adam da haƙƙin nuna Gasar Firimiya ta Ingila duk da kuɗin waje ake biyansu. Kamfanin MultiChoice ya yi ta ƙara farashi a 2023, 2024 da 2025, kuma rahotonsa ya nuna ya yi asarar masu biyan kuɗi kusan miliyan 1.4 a Nijeriya cikin shekaru biyu zuwa watan Maris na 2025. A watan Satumba na shekarar ne kamfanin Canal+ na Faransa ya karɓi ragamarsa.

Shirin komawa tsarin dijital, wanda aka sa ran zai rage wa tashoshi ɗawainiyar mallakar turakun watsa shirye-shirye, shi ma ya yi tafiyar hawainiya. Nijeriya ba ta cika wa'adin ƙasa da ƙasa na 17 ga Yuni, 2015 ba. An yi gwajin farko a Jos a watan Afrilu na 2016, aka ƙaddamar da na Kaduna a watan Disamba na 2017, amma jihohi ƙalilan ne shirin ya kai a shekarun da suka biyo baya.

Abin da wannan ke nufi ga ɗan kasuwa

Mai gidan kallo a Kujama ko Kafanchan na tsakanin wuta biyu: kuɗin wata da man janareta sun hau, alhali aljihun mai kallo bai ƙaru ba. A kudancin jihar, cutar da ta afka wa citta a daminar 2023 a ƙananan hukumomi irin su Kachia, Jaba da Kagarko ta rage kuɗin da ke yawo a hannun jama'a, kuma idan aljihu ya yi sanyi, kuɗin nishaɗi ake fara yankewa. Saboda haka lissafin mai irin wannan sana'a ya rataya ne kan rage kuɗin wuta, ta hanyar sola da batir, da kuma haɗa kallo da wata sana'ar kamar cajin waya da sayar da abin sha.

Ga mai neman tallata hajarsa kuwa, wannan yanayi ya zo da sauƙi. Gasa tsakanin tashoshi ta ba shi ƙarfin ciniki, kuma abin da ya kamata ya tambaya shi ne wane shiri abokan cinikinsa ke kallo, a wane lokaci, kuma ta wace hanya. Dillalin taki ko maganin feshi da ke neman manoman citta da masara zai fi cin riba idan ya haɗa tasha ta kusa, kamar NTA Kafanchan ko rediyon Rockside na hukumar KSMC, da ɗaukar nauyin shirin Hausa mai farin jini, maimakon kashe kuɗi a tashar da ke magana da Legas.

A taƙaice, mai kallo na cikin wadatar da iyayensa ba su gani ba, mai shirya shiri ya samu ƙofofi da yawa amma ribarsa ba ta da tabbas, gidan talabijin kuwa na fama da kuɗin gudanarwa. Ɗorewar wannan bunƙasa za ta dogara ne kan daidaituwar farashin naira, samuwar lantarki, sauƙin kuɗin data bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da hukumar NCC ta amince da shi a watan Janairu na 2025, da kuma samar da sahihiyar hanyar ƙidaya masu kallo, wadda za ta ba mai talla damar sanin abin da ya saya da kuɗinsa.