An ce tattalin arziki ya farfaɗo, to ina aikin yake a Ikara, Makarfi da Kudan?

Idan a makon jiya ka tsare wa yayanka shagon cajin waya na awa ɗaya, ya ba ka na data, to barka da aiki. A lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, kai ma'aikaci ne. Ba zolaya nake ba fa. A 2023 hukumar ta sauya yadda take ƙirga marasa aikin yi, duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako ya fita daga sahunsu. Shi ya sa adadin ya faɗo daga kashi 33.3 cikin 100 a ƙarshen 2020 zuwa kashi 4.1 a farkon 2023. Ma'auni aka canza, ba masana'antu aka buɗe ba.

Sau biyu tattalin arzikin Najeriya ya shiga mawuyacin hali a 'yan shekarun nan: a 2016 da farashin ɗanyen mai ya karye, sai 2020 lokacin korona. Fitar da aka yi daga na biyun da ƙyar ce, da ci gaban kashi 0.11 kacal. Kafin mutane su gama miƙewa, aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024.

To kai da ke karanta wannan a waya daga Furana ko Hunkuyi, me ya shafe ka?

Ya shafe ka ta injin ban-ruwa. Yankinmu ba na ofis ba ne. In ka cire koyarwa, aikin ƙaramar hukuma da na asibiti, sauran duk gona ce da abin da ke kewaye da ita: tumatir da attaruhu a Ikara, rake da mazarƙwaila a Makarfi, inabi a Kudan. Noman rani kuwa fetur yake sha. Da lita ta ninka, mai kadada biyu ya koma ɗaya. Ka san wa wannan ya taɓa? Mai shuka, mai cire ciyawa, mai tsinka, mai saƙa kwando, mai lodi, direba, har da mai kunu da ke bin su gona. Gona ɗaya in ta ragu, aikin mutum goma ne ya ragu, kuma babu takardar sallama da za ta nuna hakan a ƙididdiga.

Sai dai wahalar ta buɗe wasu ƙofofi. Makanikai sun koyi mayar da injin fetur ya yi aiki da gas, masu hali kuma suna komawa famfo mai sola. Wani ne zai haɗa, wani ne zai gyara. Haka POS: tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 manomi da dillali suka saba da tiransifa. Amma gaskiya, rumfunan POS sun yi yawa. In jarinka ɗan kaɗan ne, ka yi tunani sau biyu kafin ka kafa ta biyar a layi ɗaya.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne batun sarrafawa. Tun 1981, zamanin Gwamna Balarabe Musa, aka kafa kamfanin tumatir na Ikara. Ya yi shekaru a rufe kafin a sake tayar da shi a 2014 da haɗin gwiwar 'yan kasuwa. Duk da haka, je ka bakin titi lokacin kakar tumatir ka ga yadda ake yanka shi ana shanyawa a ƙasa, ƙura na hawa, don kawai kada ya ruɓe. Wata uku bayan nan kwandon da aka yi ta roƙon a saya ya zama gwal. Tsakanin wannan arha da wannan tsada akwai aiki: busarwa mai tsafta, ajiya, ƙullawa a leda, kai wa mai saye a Kano ko Abuja kai tsaye. Mu 'yan jami'a mun iya tallata atamfa a WhatsApp, amma mazarƙwailar gidanmu muna jin kunyar ɗora hotonta. Ni ma ina ciki, ba na ware kaina ba.

Gaba kuma fa? Kada kowa ya ruɗe ka da alkawarin ɗaukar dubbai. NBS da kanta ta ce fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar nan ba aikin albashi mai rajista suke yi ba. Kuma noman ma ba tabbas gare shi ba: a 2025 farashin masara ya faɗi, taki bai sauko tare da shi ba, mai saye ya yi murna, manomi ya rasa uwar kuɗinsa. In ya rage gona a damina mai zuwa, ƙwadago ma zai ragu.

Don haka a wannan hutun, kafin ka sake biyan kuɗin kafe don cike fom ɗin wani aiki, leƙa wurin mai haɗa sola a garinku ka tambaye shi yara nawa yake da su, da kuma nawa yake karɓa a famfo ɗaya.