Ciko ko Gada: Abin da Iddo Ya Koya wa Masu Gina Hanya

Duk inda ruwa ya raba birni da unguwar da ke gefensa, dabara biyu ce ake haɗa su da ita. Ko dai a zuba ƙasa da duwatsu a cike ruwan, a shimfiɗa titi a kan cikon, ko kuma a kafa ginshiƙai a ɗora gada, ruwa ya ci gaba da wucewa ta ƙarƙashi. A Legas, inda tirelolin shanun kasuwar Mubi suke nufa, an gwada duka biyun a wuri guda, wato Iddo, kuma abin da ya biyo baya ya isa a yanke hukunci da shi.

Asali Iddo ɗan tsibiri ne tsakanin tsibirin Ikko, wato Legas, da unguwar Ebute Metta da ke kan tudu. Da Turawan Ingila suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, wadda ta isa Ibadan a 1901, a Iddo suka kafa babbar tasha. Sai suka yi gadoji biyu: ta Denton, wadda ta haɗa Iddo da Ebute Metta, da ta Carter, wadda ta tsallaka zuwa cikin Ikko, aka sa mata sunan Gwamna Gilbert Carter. Daga 1902 wani ƙaramin jirgi mai tururi ya riƙa bin gadar Carter yana jigilar mutane da kaya. Da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, Iddo ta zama masaukin fatake daga Arewa. A wancan zamani nan gyaɗa da fata da dabbobi suke sauka, nan kuma goro da gishiri suke hawa.

Daga baya makomar mashigun biyu ta bambanta. Wajen Ebute Metta ruwan ba shi da zurfi, sai aka cike shi, gadar Denton ta koma titin ciko. Aka yi ta ƙara ƙasa har Iddo ta manne da tudu, yau mai wucewa ba zai ce tsibiri ba ce. Wajen Carter kuwa ruwa mai zurfi ne, ta nan tafkin Legas yake fita zuwa teku, kwalekwale da jirage na bi. Ba wanda ya isa ya toshe shi. Da motoci suka yi yawa, gadoji aka ƙara: gadar Eko, sannan gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, wadda Janar Ibrahim Babangida ya buɗe a 1990.

Abin da ciko ya fi gada da shi a fili yake. Kayan aikinsa ƙasa ce da dutse da ƙarfin leburori. Ba ya tsatsa, yana ɗaukar nauyin tirela da tarago, kuma in hanya ta yi kaɗan sai a ƙara zuba ƙasa a gefe. A Mumbai ta ƙasar Indiya, a da mutanen unguwar Bandra da kwalekwale suke fito zuwa Mahim, kuma a damina rayuka kan salwanta. Hukumar Turawa ta ƙi ba da kuɗin yin hanyar ciko, sai wata attajira, Avabai Jamsetjee Jeejeebhoy, ta biya rufi 157,000, bisa sharaɗin kada a karɓi ko kwabo daga mai wucewa. An buɗe hanyar a 1845, har yau ana bin ta kyauta. Doguwar gadar teku da aka buɗe tsakanin Bandra da Worli a 2009 kuwa, sai ka biya kafin ka hau.

Amma araha ba ta ado. Ciko bango ne a tsakiyar ruwa, abin da ya tare kuma ba ya ɓacewa, wani wuri yake nema. Mombasa ta ƙasar Kenya ta ɗanɗana wannan. A 1929 Turawa suka yi cikon Makupa don haɗa tsibirin Mombasa da tudu. Cikon ya hana ruwan teku kai da komowa tsakanin mashigun biyu da suka kewaye garin, ruwa ya tsaya ya gurɓace, masunta suka ji a jikinsu. Bayan shekara casa'in da 'yan kai, a 2022, gwamnatin Kenya ta buɗe gada a wurin don ruwa ya koma hanyarsa. Kuɗin da aka yi tattali tun farko, jikoki ne suka biya shi.

Ita ma gada tana da nata ciwon. Gina ta tsada, riƙe ta kuma ya fi tsada, domin gishirin teku yana cin ƙarfe, nauyin manyan motoci yana kwance mahaɗanta. An rufe sassan Third Mainland na watanni a 2020, aka sake a 2024, duk don gyara. Sannan ciko in ya zaizaye, ana iya zuba tifa goma a lallaɓa a wuce, gada kuwa in ta karye, hanya ta mutu. Mutanen Mubi da Michika da Madagali ba sa bukatar a ba su labari. Bayan karyewar gadar Kudzum a rikicin Boko Haram, shekaru aka yi ana ratsa rafi da rani, ana tsayawa cirko-cirko a bakinsa da damina.

Mubi ba ta da teku, amma tana da kogin Yedzaram da rafukan da ke gangarowa daga duwatsun Mandara. Da rani rairayi ne kawai, yaro ma ya tsallake. Wannan ne ke yaudarar mai aikin hanya, ya ga ai ciko da ɗan kwalbati sun wadatar. A watan Agusta kuma, ruwan dutse kan sauko a cikin sa'a guda, ɗauke da yashi da itace da leda. In bakin kwalbati ya yi masa kaɗan, ko dai ya yanke hanyar, ko ya juya ya shiga gidajen da ke sama da ita. A nan hanyar da aka yi don taimakon unguwa ta zama madatsar da ke cin ta.

Saboda haka hukuncin ba na fifita ɗaya a kan ɗaya ba ne a ko'ina. Inda ruwa yake kwance, ba zurfi, ba gudu, ciko ya isa, muddin an bar masa ƙofofi masu faɗi. Inda ruwa yake gudu, ko da wata uku ne kawai a shekara, gada ce maganinsa, ko da za a jinkirta aikin har kuɗi su samu. Abin da aka yi a Iddo ke nan: aka cike marar zurfi, aka ɗaga wa mai gudu.

Jama'ar Nassarawo da sauran unguwannin Mubi, duk ranar da aka zo auna hanya a kusa da rafi, ku tura dattawan da suka san iyakar da ruwa yake kaiwa a shekarar ambaliya su nuna wa injiniyoyi. Ku tambayi faɗin kwalbatin tun kafin a zuba kankare. In an gama kuma, ku hana zuba shara a bakinsa.