Jirgi Maras Matuƙi da Alhakin Mai Bincike



Da yake ni malamin harshe ne, ku yi mini uzuri in fara daga suna. Abin nan da ke shawagi a sama babu mutum a cikinsa mun raɗa masa suna jirgi maras matuƙi. Sunan ya zauna a baki, amma in muka auna shi sai mu tarar ya ɓoye rabin gaskiya. Jirgin yana da matuƙi, sai dai yana zaune ne a ƙasa gaban allon kwamfuta, wani lokaci ma a wata nahiya dabam. A bayan matuƙin akwai hafsan da ya ba da umurni, da ma'aikacin da ya sa hannu a takardar saye, da kuma masanin da ya ƙago dabarar tun farko. A kan waɗannan mutane zan yi magana, musamman na ƙarshensu.

Abubuwa huɗu ne ke tafiyar da irin wannan jirgi: na'urar ɗaukar hoto wadda ita ce idonsa, da na'urar GPS mai gaya masa inda yake ta hanyar tauraron ɗan'adam, da layin rediyo mai haɗa shi da matuƙinsa, da ƙaramar kwamfuta mai daidaita tashinsa. Babu ɗaya daga cikinsu da za a kira makami, galibinsu ma suna cikin wayar da ke aljihunku.

Tarihin abin ya fi yadda ake zato tsawo. Tun a 1935 sojan Ingila suke da wani jirgi mai suna Queen Bee da ake sarrafawa da rediyo domin masu igwa su koyi harbi a kansa. A 1982 Isra'ila ta yi amfani da ƙananan jirage marasa matuƙa a kwarin Biƙa'a na ƙasar Labanan, ta gano inda Siriya ta girke makamanta na kakkaɓo jirage. A 1995 Amurka ta kai jirginta Predator yaƙin Bosniya, aikinsa leƙen asiri kawai. A 2001 aka ɗaura masa makami mai linzami, a watan Nuwamba na 2002 kuma ya harbi wata mota a ƙasar Yaman ya kashe mutum 6. Watau cikin shekara 7 abin da aka ƙera domin ya zama ido ya sami hannu.

To, wannan shi ya kawo mu ga abin da zan kira bincike mai harshen damo, watau binciken da amfaninsa ya rabu biyu, ɗaya na raya jama'a, ɗaya na hallaka ta. Maƙerin gargajiya ya san wannan, domin a maƙera ɗaya ake yin fartanya da mashi. Amma shi maƙeri ya san mai sayen kayansa, ya san gidansu. Masanin zamani kuwa da zarar ya buga sakamakon bincikensa, duniya duka ta zama mai saye. Alal misali, Bajamushe Fritz Haber ya gano a 1909 yadda ake haɗa amoniya daga iska, wanda shi ne tushen takin zamani da manomanmu ke zubawa a gona. Da wannan amoniya ɗin Jamus ta riƙa yin albarushi a Yaƙin Duniya na Farko, kuma shi Haber da kansa ya shugabanci sakin iska mai guba a kan sojoji kusa da garin Ypres na Beljiyam a watan Afrilu na 1915.

Haka lamarin yake ga jirgi maras matuƙi. A 2016 kamfanin Zipline ya fara kai jini asibitocin karkara a Ruwanda da ƙananan jirage, a 2019 ya shiga Gana, a 2022 ya fara aiki a Jihar Kaduna. A daidai wannan zamani, wajen 2016 zuwa 2017, mayaƙan Da'ish a birnin Mosil na Iraƙi suna sayen ƙananan jiragen ɗaukar hoto daga kasuwa, suna ɗaura musu gurneti. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, ɓangarorin biyu suka mai da jiragen kamfanin DJI na ƙasar Sin kayan yaƙi. Kamfanin ya dakatar da ciniki a ƙasashen biyu a watan Afrilun shekarar, amma jiragen ba su daina isa fagen fama ba.

Kada wani ya ɗauka labarin na nesa ne. A 2013 Sojan Saman Nijeriya suka ƙaddamar da jirgin da suka ƙera a Kaduna, suka sa masa suna Gulma, a 2018 suka fito da wani, Tsaigumi. Ku lura da sunayen, duka biyu na kai rahoto ne, domin aikin da aka nufe su da shi ke nan. A Agadas ta Jumhuriyar Nijar kuma Amurka ta gina sansanin irin waɗannan jirage, ta yi aiki da shi daga 2019 har ta fice a 2024. Ƙasar da ke fama da 'yan bindiga a dazuzzuka tana bukatar ido a sama, kuma sojan da jirgi ya nuna masa inda aka yi kwanton ɓauna ya tsira da ransa. Wannan amfani ne na gaske, ba na musunsa.

Amma a daren 3 ga Disamba 2023, jirgin Rundunar Sojan Ƙasa ya jefa bom a kan masu taron Mauludi a ƙauyen Tudun Biri, cikin Ƙaramar Hukumar Igabi. Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa ta ce an binne mutum 85. Rundunar ta amsa cewa kuskurenta ne. Ƙasar da ta fi kowa gwaninta ma ba ta tsira ba: ranar 29 ga Agusta 2021 jirgin Amurka ya kashe fararen hula 10 a Kabul, 7 daga cikinsu yara, bayan an shafe sa'o'i ana bin motar wani ma'aikacin agaji wanda jarkokin ruwa ya ɗora, aka ɗauke su abin fashewa. Dalilin irin wannan kuskure a fili yake. Na'ura tana ganin siffa da motsi, ba ta ganin niyya. Taron biki da taron 'yan fashi kusan kamarsu ɗaya daga sama cikin dare, sai wanda ya san wurin da mutanensa ne zai bambance. Bugu da ƙari, tun da mai harbi ba ya cikin hatsari, abin da kan sa mutum ya dakata ya sake tunani ya ragu.

Yanzu ina matsayin mai bincike? Akwai masu cewa ilmi ba shi da laifi, laifin na mai amfani da shi ne. Maganar tana da ƙanshin gaskiya, domin in aka hana duk binciken da za a iya karkatarwa, to, an hana takin zamani da maganin rigakafi gaba ɗaya. Sai dai Bahaushe ya ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ke koya wa kwamfuta gane mutum daga hoton sama ya san, ko ya kamata ya san, inda aikinsa zai iya ƙarewa. An kuwa sami masanan da suka ɗauki wannan nauyi. Joseph Rotblat ya bar aikin ƙera bom na nukiliya na Amurka a ƙarshen 1944, da ya tabbata Jamus ba za ta mallaki irinsa ba. A 2018 ma'aikatan Google sama da 3,000 suka sa hannu a takardar ƙin wani aikin sojan Amurka mai suna Maven, na nazarin hotunan jirage marasa matuƙa, har kamfanin ya ce ba zai sabunta kwangilar ba. Aikin dai ya ci gaba a hannun wasu. Darasin shi ne, lamirin mutum ɗaya yana da daraja, amma bai isa ba sai da doka da hukuma a bayansa.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne, ana ƙoƙarin ƙera jiragen da za su zaɓi abin hari su harba ba tare da umurnin mutum ba. A watan Disamba na 2023 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙudurinsa na farko a kan irin waɗannan makamai, ƙasashe 152 suka goyi baya. Ranar da wannan ƙira ta zama ruwan dare, sunan da muka raɗa zai zama gaskiya tsantsa, kuma iyayen wanda aka kashe ba za su sami wanda za su tuhuma ba.

Saboda haka ina da shawara uku. Ga ɗalibai, kafin ka karɓi aikin bincike ka tambaya: wa ke biyan kuɗin, wa zai mallaki sakamakon, kuma mene ne mafi munin abin da za a iya yi da shi? Ga jami'o'i, kamar yadda ake da kwamitin da ke duba binciken likitanci kafin a taɓa majiyyaci, ya kamata a sami irinsa ga binciken injiniya da kwamfuta, kuma a sa masana shari'a da harshe da zaman jama'a a ciki, domin su ne suka san yadda taron ƙauye yake. Ga ma'aikatan gwamnati, sashe na 36 na Ƙarin Yarjejeniyar Janeba na Farko, na 1977, ya wajabta wa ƙasa ta binciki kowane sabon makami kafin ta karɓe shi, ta ga ko ya dace da dokokin yaƙi. Wannan aikin ofis ne, a kan teburinku yake biyowa. Ku tabbata an rubuta wanda ya ba da umurnin kowane hari, an ajiye hotunan, kuma in an yi kuskure an bayyana sakamakon bincike, an biya diyya.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Jami'o'inmu da sojojinmu yanzu suke tasowa a wannan fanni, saboda haka yanzu ne lokacin kafa ƙa'ida, ta yadda duk jirgin da ya tashi da sunanmu za a iya nuna mutumin da ke riƙe da linzaminsa.