Ofis a Cikin Jaka: Yadda Ake Aiki Ana Yawon Duniya

Ɗan ci-rani yakan bar gida ya bi aiki zuwa inda yake. Yanzu an samu wasu matafiyan da aikin ne ke bin su. Mai rubuta manhaja, ko mai fassara, ko mai zane, sai ya rufe ɗakin da ya saba, ya rataya kwamfuta, wata uku yana Lisbon, wata uku yana Bali, albashi kuma na shigowa daga kamfanin da ko ƙofarsa bai taɓa gani ba. Mai kallon hotunansu zai ɗauka hutu suke yi, alhali lissafi ne tsantsa ke riƙe da tafiyar.

Tushen lissafin shi ne tazarar da ke tsakanin inda ake samun kuɗi da inda ake kashe su. Wanda ake biya da dala ko yuro, abin da zai ba mai gida a Landan kan ɗaki ɗaya yana iya isar sa haya da abinci da sufuri a Chiang Mai ta ƙasar Tailan. Wanda kuwa ake biya da naira, in ya nufi Turai sai reshe ya juye da mujiya. Shi ya sa ba da tikitin jirgi ake farawa ba. Ana farawa ne da aikin da ke biya da kuɗi mai ƙarfi, da rubutaccen izinin mai aikin cewa an yarda a yi masa aiki daga wata ƙasa.

Sai takardu. Bizar yawon buɗe ido a yawancin ƙasashe ba ta halatta aiki ba, kuma a yankin Schengen na Turai kwana 90 kacal baƙo ke da shi cikin kowane kwana 180. Annobar korona ce ta buɗe wata ƙofa. Da otal-otal suka zama kufai a 2020, tsibirin Barbados ya fito da izinin zama na shekara guda ga mai samun dala 50,000 a shekara, Estoniya ma ta fito da nata a watan Agusta. Portugal ta biyo baya a 2022, tana neman mai samun ninki huɗu na mafi ƙarancin albashin ƙasar. A shekarar ce kuma Namibiya ta fara ba da izinin wata shida ga mai samun dala 2,000 a wata. Sharaɗinsu kusan ɗaya ne: kuɗinka daga waje za su zo, ba za ka taɓa aikin ɗan ƙasa ba, kuma ka nuna bayanan asusun banki da inshorar lafiya.

Fasfo ma ba duka ya zama ɗaya ba. Bajamushe na shiga ƙasashe da dama hannu rabbana, ɗan Najeriya kuwa sai ya yi layi a ofishin jakadanci. Amma yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi kwana 90 a Accra ko Dakar ko Kwatano ba tare da biza ba, Ruwanda kuma ta ɗage wa 'yan Afirka biza.

Agogo shi ne wanda ba ya jin lallashi. Taron ƙarfe goma na safe a New York, a Bali goma ne ko sha ɗaya na dare. Nan Afirka ta Yamma ke da riba, domin tsakanin Legas da Landan ko Balin ta Jamus ba ya wuce awa ɗaya. Gogaggen matafiyi in ya shiga masauki, kafin ya taɓa katifa sai ya auna ƙarfin intanet, ya tambayi sau nawa ake ɗauke wuta, ya sayi layin waya na gari. Layin gida kuma ba ya barin sa ya mutu, don ta nan banki ke turo lambar sirri. Ranar da aka rufe shi, kuɗi na asusu amma ba damar taɓawa.

Haraji na zuwa daga baya, a hankali. Ƙasashe da yawa na ɗaukar wanda ya kai kwana 183 a cikinsu a matsayin mazauni mai biyan haraji, Amurka kuwa tana bin 'yan ƙasarta duk inda suke. Wani lokaci zaman ma'aikaci ɗaya kan jawo wa kamfaninsa haraji a ƙasar da ya sauka, abin da ke sa kamfanoni ƙayyade kwanaki.

Masu gari su ma suna biyan nasu kason. Baƙo mai dala na iya biyan hayar da malamin makaranta ba zai iya ba, sai masu gidaje su koma ba baƙi haya ta manhajar Airbnb. A Yulin 2025 mazauna birnin Mekziko sun yi zanga-zanga kan haka, Lisbon ma ta daɗe tana kuka.

Mai sha'awa gara ya fara da kusa: wata guda a Accra ko Kigali, aikinsa a hannu, kuɗin komawa a ajiye. A nan zai gane ko yana iya miƙa aiki kan lokaci ba tare da shugaba a kansa ba.